Jakadun Cikin Ƙwayar Halitta: Furotin Masu Riƙe RNA da Sha'anin Haihuwa

Gabatarwa

A kewayen garin Birnin Kudu akwai duwatsu masu kogo, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, waɗanda mutanen da can suka yi zane a jikinsu. A shekarun 1950 ne masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya bayyana wa duniya labarin zanen, wanda akasarinsa hoton shanu ne marasa tozo, ba irin waɗanda ake kiwo a yankin a yau ba. Masu zanen sun shuɗe, shanun da suka zana ma haka. Amma har yanzu ana kora garke a Birnin Kudu da Gwaram, kuma kowace saniya da ke cikinsa 'yar wata saniya ce, ita ma 'yar wata, haka nan har iyakar tarihi. Jiki yakan tsufa ya mutu. Abin da ke ƙetarawa daga iyaye zuwa 'ya'ya wasu ƙwayoyin halitta ne na musamman, wato ƙwan mace da ƙwayar maniyyin namiji, waɗanda ake kira ƙwayoyin iri. Wani masani Bajamushe mai suna August Weismann ne ya fito da wannan bambanci fili tun a shekarun 1880.

Idan ƙwayoyin iri suka kasa ƙosawa, zuri'a ta tsaya ke nan. A ƙasar Hausa, in aure ya shekara uku ko huɗu babu ko ɓatan wata, ido yakan koma kan matar. Sai a kira ta juya, a yi mata kishiya, ko ma a sake ta, alhali ba a taɓa duba mijin ba, tunda ana ganinsa ƙaƙƙarfa, lafiya lau. Binciken shekaru hamsin da suka wuce ya nuna cewa namiji yana iya kasancewa cikin ƙoshin lafiya ta kowace fuska, amma babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya a cikin maniyyinsa, saboda rashin wasu ƙananan furotin da aikinsu shi ne riƙe saƙo a cikin ƙwayar halitta. Wannan maƙala za ta bayyana ko mene ne waɗannan furotin, da dalilin da ya sa ƙwayoyin iri ba sa iya yi sai da su, da kuma yadda saninsu ya shafi ma'aurata da manoma da makiyaya.

Kundi, Takarda da Jakada

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai wani ɗan ɗaki da ake kira cibiya, inda aka ajiye DNA, sinadarin da ke ɗauke da umarnin gina jiki. A shekarar 1953 ne James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarsa a Ingila, bisa taimakon hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin. Umarnin a rubuce yake da haruffa huɗu kacal, wato A, T, G da C. Da za a warware DNA ɗin ƙwaya ɗaya, tsawonsa zai kai wajen mita 2, amma an naɗe shi cikin juzu'i 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Biyu daga cikinsu su ke rarrabe jinsi: mace tana da X guda biyu, namiji kuwa yana da X ɗaya da Y ɗaya.

Ana iya kwatanta DNA da kundin fada. A cikinsa akwai babi wajen 20,000, kowanne ɗauke da bayanin yadda ake harhaɗa wani furotin. Irin wannan babi akan kira shi ƙwayar gado, amma a nan za a ce masa babin gado domin kada ya rikice da ƙwayar halitta. Furotin kuwa su ne ma'aikatan jiki. Alal misali, himogulobin da ke ɗaukar iska a cikin jini furotin ne, kuma sauyin harafi ɗaya tak a babinsa shi ke haddasa ciwon sikila.

Kamar yadda ba a fita da kundin fada zuwa ƙauye, haka DNA ba ya barin cibiya. In ana bukatar wani furotin, sai a kwafi babinsa a wata takarda ta wucin gadi, wadda ake kira RNA ɗan saƙo. An tabbatar da samuwarsa a 1961. Shi ma haruffansa huɗu ne, sai dai harafin U ya maye gurbin T. Takardar takan fita daga cibiya zuwa ga wasu ƙananan masaƙu da ake kira ribosom, su karanta ta, su saƙa furotin bisa umarnin da ke ciki, daga baya a yage ta.

To, ƙwayar fata da ta hanta da ta iri duk kundi ɗaya suke ɗauke da shi. Abin da ya bambanta su abu biyu ne: wane babi aka kwafa, da kuma abin da ya sami takardar bayan an kwafe ta. A nan ne furotin masu riƙe RNA suke shigowa. Takardar saƙo ba ta taɓa tafiya ita kaɗai. Tun ana cikin rubuta ta waɗannan furotin suke manne mata, kamar jakadun da ke kai wasiƙar hakimi ga dagatai. Wata ƙididdiga da masana na Jami'ar Rockefeller ta Amurka suka fitar a 2014 ta lissafa irinsu sama da 1,500 a jikin ɗan Adam.

Ayyukansu suna da yawa. Wasu suna taimakawa wajen yanke sassan takardar da ba a bukata, a ɗinke sauran, aikin da Richard Roberts da Phillip Sharp suka gano a 1977. Wasu suna raka ta daga cibiya zuwa kusurwar da ake bukatarta. Wasu suna kare ta daga lalacewa, wasu kuma su ke miƙa ta a yage. Mafi muhimmanci ga wannan bayani, akwai masu naɗe takardar su rufe ta, su hana masaƙa karanta ta har sai lokacinta ya yi. Kowane jakada yana gane takardarsa ne ta wani gajeren jerin haruffa, wanda galibi yake can ƙarshen takardar, a sashen da ba a saƙawa, kamar dai adireshi a bayan ambulan. Bayan wannan sashe kuma akwai wutsiya, wato dogon jerin harafin A zalla. Tsawon wutsiyar yana da tasiri ƙwarai, kamar yadda za a gani.

Yadda Ake Keɓe Ƙwayoyin Iri

Yawancin abin da aka fara sani a wannan fage daga ɗan mitsitsin ƙudan nan da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro aka koya. Uwar ƙuda takan ajiye wasu takardun saƙo a ƙarshen ƙwanta na baya tun kafin ta saka shi, kuma jakadu ne ke ɗaukarsu su kai su can. Duk ƙwayoyin da suka tsiro a wannan kusurwa su ke zama ƙwayoyin iri. A 1974 Karl Illmensee da Anthony Mahowald suka ɗebi ruwan wannan kusurwa da siririyar allura, suka zuba shi a gaban wani ƙwan, sai ga ƙwayoyin iri sun tsiro a inda kai ya kamata ya fito. Daga baya, a shekarun 1980, Christiane Nüsslein-Volhard da ɗalibarta Ruth Lehmann, a garin Tubingen na Jamus, suka gano babukan gadon da ke bayan wannan al'amari. Biyu daga ciki, Nanos da Pumilio, furotin ne masu riƙe RNA. Sukan haɗu su danne takardun da za su sa ƙwayar ta rikiɗe ta zama nama ko jijiya, ta haka ta ci gaba da zama iri. Nüsslein-Volhard tana cikin waɗanda aka bai wa kyautar Nobel ta 1995.

A jikin ɗan Adam hanyar keɓewar ta ɗan bambanta, amma da yawa daga cikin jakadun su ne dai. Tun tayi yana da mako biyu zuwa uku ake ware 'yan ƙwayoyi kaɗan, su yi tattaki a cikin jikinsa zuwa inda maraina ko ma'ajiyar ƙwai za su kasance. Daga nan akwai wata rabuwa ta musamman da ke jiransu, wadda ke rage juzu'i 46 su koma 23, domin in ƙwai da maniyyi suka haɗu lissafi ya cika daidai. A cikin wannan doguwar tafiya akwai lokutan da ƙwayar iri take rufe kundinta ruf, ba ta iya kwafar ko harafi ɗaya, alhali a daidai lokacin ne take da aiki mafi yawa. Mafita ɗaya ce: ta kwafi takardun tun da wuri, ta damƙa wa jakadu ajiya. Wannan shi ne dalilin da ya sa ƙwayoyin iri suka fi sauran ƙwayoyi dogaro da waɗannan furotin.

Ƙwai: Rumbun Saƙonni

Yarinya tun tana cikin mahaifiyarta take mallakar ƙwayayenta. A wata na biyar na ciki sukan kai miliyan 6 zuwa 7, a lokacin haihuwa su ragu zuwa miliyan 1 ko 2, a lokacin balaga kuwa saura wajen 300,000. Daga cikinsu kimanin 400 zuwa 500 ne kawai za su ƙosa a tsawon rayuwarta. Kowane ƙwai yakan fara rabuwar rage juzu'i tun kafin a haifi yarinyar, sai ya tsaya a tsakiya, ya yi ta jira, wani shekara goma sha uku, wani shekara arba'in.

Idan lokacin ƙwai ya gabato, yakan girma, ya kwafi dubban takardu ya tara, sa'an nan ya rufe kundinsa. Masanin Rasha Alexander Spirin ya yi bayanin irin waɗannan lulluɓaɓɓun saƙonni tun a shekarun 1960. A 1994 kuma Joel Richter da abokiyar aikinsa Laura Hake, a Amurka, suka bayyana jakadan da ke kula da su a cikin ƙwan wani kwaɗon ruwa na Afirka, suka sa masa suna CPEB. Wannan furotin yakan kama takardar, a gajarta mata wutsiya, masaƙa ta kasa karanta ta. Da zarar sinadarin homon ya iso da labarin cewa lokaci ya yi, sai shi wannan jakada ya sa a tsawaita wutsiyar, masaƙu su hau aiki, ƙwai ya ci gaba da rabuwar da ya dakatar. Kuma ba a buɗe takardun gaba ɗaya. Wasu da farko, wasu bayan 'yan sa'o'i, bi da bi. Manomin da ya zuba iri a rumbu ya liƙe bakinsa, bai buɗe ba sai ranar da aka yi ruwan shuka, ya san hikimar irin wannan tanadi.

Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa suna cin moriyar wannan tsari ko da ba su san sunansa ba. Sukan yi wa macen tarwaɗa allurar homon da dare, kafin awa 10 zuwa 12, gwargwadon ɗumin ruwa, ƙwayayen sun nuna, ana iya tatsarsu. Binciken da aka yi a kan kwaɗi da ɓeraye da wasu kifaye ya nuna cewa irin wannan nuna cikin hanzari daga ajiyayyun saƙonni yake fitowa, domin babu sabon kwafi a lokacin. Haka nan ɗan tayin mutum, a kwanaki biyu zuwa uku na farko, da guzurin da uwa ta bari a cikin ƙwai yake tafiya. Sai ya kai ƙwaya 4 zuwa 8 sa'an nan ya buɗe nasa kundin sosai.

Maniyyi: Aiki Bayan Rufe Kundi

Sha'anin namiji dabam yake. Daga balaga har tsufa, marainansa suna ƙera miliyoyin ƙwayoyin maniyyi kowace rana, kuma kowace ƙwaya takan ɗauki wajen kwana 70 kafin ta kammala. A matakin ƙarshe, ƙwayar da take a mulmule dole ta sake siffa: ta fitar da wutsiya, ta zubar da yawancin ruwan jikinta, ta matse DNA ɗinta cikin ɗan ƙaramin kai. Ana yin matsin ne da wani furotin mai suna furotamin, wanda ke ɗaure kundin tam har ba ya buɗuwa. Saboda haka duk takardun da za a bukata wajen ƙarasa ginin, har da ta furotamin ɗin kanta, sai an kwafe su kwanaki kafin nan an ajiye. A jikin ɓera, takardar furotamin takan yi kusan mako guda a hannun jakadu.

A 1995 Robert Braun da abokan aikinsa na Jami'ar Washington da ke Siyatil suka gwada abin da zai faru in aka cire adireshin da jakadu ke kamawa a jikin wannan takarda. Sai masaƙu suka karanta ta tun lokaci bai yi ba, kundin ya ɗaure da wuri, ginin ya tsaya cak, ɓerayen suka kasa haihuwa. Furotin ɗin lafiyayye ne, babinsa ma ba shi da aibi. Sauri kawai aka yi. Shekara goma bayan haka, a 2005, aka samar da ɓerayen da ba su da wani jakadan ajiya mai suna MSY2. Sun girma kamar kowane ɓera, amma maza da mata duka ba su haihu ba.

Labarin DAZ

A 1976 wasu masana biyu na Jami'ar Pavia a Italiya, Luciano Tiepolo da Orsetta Zuffardi, suka duba juzu'an gadon maza 1,170 masu fama da matsalar haihuwa. A cikinsu suka sami mutum 6 da wani yanki na kuromosom Y ɗinsu ya gutsure, kuma dukkansu babu ƙwayar haihuwa a maniyyinsu. Suka yi hasashen cewa a wannan yanki akwai wani babi da ƙera maniyyi ba ya yiwuwa sai da shi. An yi kusan shekara ashirin ana nemansa. A 1993 masana a Edinbara suka gano wani babi a yankin, wanda yanzu ake kira RBMY. A 1995 kuma Renee Reijo da David Page na Cibiyar Whitehead a Amurka suka binciki maza 89 marasa ƙwayar maniyyi, suka tarar 12 daga cikinsu sun rasa wani ɗan yanki guda, ƙarami ƙwarai da madubin likita ba ya nunawa. Babin da suka samu a wurin suka sa masa suna DAZ, taƙaitawar kalmomin Ingilishi masu nufin abin da ya ɓace ga marasa ƙwayar maniyyi. Da aka karanta haruffan RBMY da na DAZ, sai aka ga dukkansu bayanin furotin masu riƙe RNA ne.

Wani abin lura a binciken shi ne, iyayen waɗannan mutane maza ba su da wannan giɓi. Yakan auku ne sabo, a cikin ƙwayar maniyyi ɗaya ta uba, lokacin da ake kwafar Y, domin yankin cike yake da dogayen jerin haruffa masu kama da juna, har mai kwafa ya tsallake daga wannan zuwa wancan. Saboda haka mutum yana iya fitowa daga gidan da uba ya haifi 'ya'ya ashirin, 'yan'uwansa duk suna haihuwa, shi kaɗai abin ya faɗa wa. Hujjar nan da akan kafa, cewa a gidansu ba a san rashin haihuwa ba, ba ta wanke kowa.

Namiji yana da kwafi huɗu na DAZ a kan Y, kuma DAZ yana da 'yan'uwa biyu a wasu juzu'an: DAZL a juzu'i na 3, BOULE a juzu'i na 2. Waɗannan jakadu sukan kama takardu masu yawa a ƙwayar iri, su taimaka a karanta su a kan kari. A 1997 aka cire DAZL daga jikin ɓeraye a Edinbara, sai ƙwayoyin irinsu suka ƙare, maza da mata. Ƙudan da ya rasa BOULE kuwa, ƙwayoyinsa sukan tsaya a bakin rabuwar rage juzu'i. A 2003 aka sanya wa irin wannan ƙuda BOULE na ɗan Adam, sai rabuwar ta ci gaba, abin da ke nuna cewa aikin wannan furotin bai sauya ba tsakanin halittun da suka yi nisa da juna haka. Shi DAZ na kan Y mutum da wasu birai ne kawai ke da shi; sa da rago da bunsuru da DAZL da BOULE suke aiki.

Mata ma suna da nasu misalin. Babin FMR1 da ke kan X, wanda aka gano a 1991, bayanin wani furotin mai riƙe RNA ne. Kimanin kashi ɗaya cikin biyar na matan da ke ɗauke da wani nau'in sauyi a cikinsa, al'adarsu takan ɗauke kafin su kai shekara 40.

Abin da Ya Shafi Ma'aurata

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na manya yakan gamu da matsalar haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. A kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa, akwai hannun matsalar namiji, ko ita kaɗai ko tare da ta mace. Wajen namiji ɗaya cikin ɗari ba shi da ƙwayar haihuwa a maniyyinsa sam, kuma kimanin ɗaya cikin goma na waɗanda marainansu ne suka gaza ƙerawa, giɓin Y ne sanadi. Irin wannan mutum muryarsa da gemunsa da ƙarfinsa na aure duk daidai suke, domin homon ɗin mazakuta wasu ƙwayoyi ne dabam ke yin sa. Ruwan maniyyin ma yana fita yadda aka saba, tunda akasarinsa daga wasu gaɓoɓi yake zuwa. Ido ba ya iya rarrabewa, sai madubin likita.

Ya kamata a sani cewa giɓin Y ɗaya ne daga cikin dalilai masu yawa. Ciwon sanyi da aka bari ba magani yana toshe hanyar maniyyi, hangum bayan balaga yana iya taɓa maraina, haka ma tsargiya da kumburin jijiyoyin maraina, kuma da yawa daga cikin waɗannan ana iya kauce musu ko a yi maganinsu. Abin da ke bambance su shi ne gwaji. Awon maniyyi ba shi da zafi, ba ya bukatar tiyata, kuma ya fi yawancin gwaje-gwajen mata sauƙi da araha. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, ƙasa da ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita ana ɗaukarsa ƙaranci. Likitoci suna ba da shawarar cewa in an shekara guda ana tare babu ciki, miji da mata su je tare. Mazauna Birnin Kudu da Gwaram suna iya farawa daga Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

In aka tabbatar giɓin Y ne, babu saiwa ko ƙwaya ko allurar da za ta mayar da babin da ya ɓace, don haka gara iyali su san gaskiya da su ƙarar da dukiya wajen masu tallar maganin ƙarfin maza. Sai dai tun 1992, lokacin da likitoci a birnin Burasal na Beljiyam suka fara cusa ƙwayar maniyyi ɗaya cikin ƙwai da allura, ƙofa ta ɗan buɗe. A wajen rabin mazan da suka rasa yankin DAZ akan sami 'yan ƙwayoyi a cikin maraina da za a yi amfani da su. Ana yin wannan aiki a manyan birane kamar Legas da Abuja, da tsada ƙwarai, kuma duk ɗa namiji da aka samu ta hanyar zai gaji giɓin, tunda Y ɗin ubansa zai ɗauka. Wajibi ne likita ya bayyana wa ma'aurata haka tun da farko.

A Gona da Garke

Dawa, wadda ita ce ginshiƙin abinci a kudancin Jigawa, tana da nata labarin. Furenta yana ɗauke da sashen namiji da na mace tare, saboda haka yawanci kanta take yi wa barbara, abin da ke sa haɗa nau'i biyu a babbar gona ya yi wuya. A 1954 J. C. Stephens da R. F. Holland, a jihar Texas ta Amurka, suka bayyana cewa in aka haɗa wasu nau'o'in dawa biyu 'yan asalin Afirka, akan sami tsiron da ba ya yin bununi mai rai, wato garin furen namiji. Irin wannan tsiro dole ya karɓi bununin maƙwabcinsa, kuma ta haka aka fara samar da irin dawa mai aure. Matsalar tana fitowa ne daga mitokondiriya, gidan wutar ƙwayar halitta, wadda ke da ɗan ƙaramin kundi nata. Amma tilas 'ya'yan da za a sayar wa manomi su iya yin bununi, in ba haka ba gonarsa ba za ta yi tsaba ba. Don haka akan zaɓi uban da ke ɗauke da babin da ke mayar da haihuwa. A 2005 aka nuna cewa wannan babi na dawa, Rf1, na wani dangin furotin masu riƙe RNA ne. A shinkafa kuma an gano a 2006 cewa ɗan'uwansa yakan sa a yanke muguwar takardar da ke fitowa daga mitokondiriya kafin ta yi ɓarna. Masu kyautata irin dawa, kamar na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da na ofishin ICRISAT da ke Kano, da wannan ilmi suke aiki duk lokacin da suka nufi samar da iri mai aure.

A ɓangaren dabbobi, Jon Oatley na Jami'ar Jihar Washington da abokan aikinsa sun ba da rahoto a 2020 cewa sun samar da ɓeraye da aladu da awaki da shanu waɗanda aka kashe wa babin NANOS2, ɗan'uwan Nanos na ƙuda. Mazan sun tashi lafiya, marainansu cikakku, amma babu ƙwayar iri a ciki. Da aka dasa wa ɓerayen da aladun da awakin tushen ƙwayoyin iri na wani namijin, sai suka fara ƙera maniyyin wancan, ɓerayen har suka haifi 'ya'yansa. Manufar ita ce wata rana bunsurun da ya saba da zafi da ƙarancin ciyawa ya yaɗa irin wani zaɓaɓɓen bunsuru a ƙauyukan da ke nesa da cibiyoyin barbarar allura irin ta Shika. Kafin a kai nan akwai tambayoyi na doka da na amincewar jama'a, da kuma batun kare nau'o'in gida, kamar jar akuyar Sakkwato da shanun Bunaji, daga ɓacewa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa mallakar babin gado bai wadatar ba, sai an karanta saƙonsa a inda ya dace kuma a lokacin da ya dace, kuma furotin masu riƙe RNA su ke da wannan alhaki. Ƙwayoyin iri, da yake sukan yi aiki kundi a rufe, su suka fi jin jiki in jakada ɗaya ya ɓace, ko da sauran jiki bai san an yi ba.

Malaman kimiyya suna iya kusantar da wannan darasi ga ɗalibai ba tare da kayan aiki masu tsada ba. A sa ɓawon mangwaro ko ayaba a kwalba, a bar ƙananan ƙudaje su shiga, a rufe bakin da ƙyalle. Cikin kwana goma zuwa sha biyu za a ga ƙwai ya zama tsutsa, tsutsa ta zama ƙuda. Da damina kuma a ɗebo ƙwan kwaɗo daga kududdufi a duba shi da gilashin ƙara girma, a ga yadda yake rabuwa biyu, huɗu, takwas cikin 'yan sa'o'i, duk da guzurin da uwa ta bari. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa, ya kuma san labarin DAZ, in wata rana aka zauna a gidansu ana shirin ɗora wa wata baiwar Allah laifin rashin haihuwa, zai iya tambaya cikin ladabi ko an auna mijin tukuna.